Takardar koyar da kamfas ma tana bukatar a yi mata tambaya

A aikina na koyar da labarin ƙasa a sakandare, na lura ɗalibai sukan ɗauki duk umarnin da aka buga a takarda tamkar ba ya kuskure. Shi ya sa kafin in miƙa wa yaro kamfas, takardar bayaninsa nake fara ba shi, in ce ya nemo abin da marubucin ya bari bai faɗa ba.

Yadda nake yi ba wuya. Ɗalibi ɗaya ya karanta da ƙarfi, ɗaya ya aikata abin da ya ji kaɗai, ban da ƙari. Nan take giɓin ke fitowa. Takarda ta ce a juya har allura ta daidaita, amma ba ta ce wane bakin allura ba, ja ko fari. Ba ta ce a shimfiɗa kamfas a tafin hannu ba tare da karkata ba, ba ta kuma ce a nisanci wayar hannu, kujerar ƙarfe ko babur ba, alhali duk suna jan allurar.

Tambayar da na fi nanatawa ita ce: wace arewa ake nufi? Allura tana bin arewar maganaɗisu ne, ba arewa ta ainihi ba, ta maganaɗisun kuwa ba ta zaune wuri ɗaya. A 1831 James Clark Ross ya same ta a arewacin Kanada. Yau ta gusa sosai wajen Saiberiya. Don haka taswira mai kyau takan rubuta bambancin arewar biyu a gefe, tare da shekarar da aka auna. A Najeriya bambancin kaɗan ne a yanzu, amma littafin da aka rubuta don Amurka zai iya cewa a ƙara ko a rage digiri goma ko fiye. Yaron da bai tambayi don ina aka rubuta, kuma yaushe ba, zai kwafi gyaran da ba nasa ba. Kuskuren digiri 1 tak yana kauce da mutum kusan mita 17 a kowace kilomita.

Misalin da ya fi kama hankalinsu shi ne kamfas ɗin alƙibla, irin wanda ake liƙawa a darduma. Wasu an kasa fuskarsu gida 400 ne, ba 360 ba, sai a haɗo da ɗan littafi mai lambar kowane gari. Lambar nan ba digiri ba ce, kuma ba kowane littafi ke faɗin haka a sarari ba. Daga Kano alƙibla tana kusan digiri 68 daga arewa, gabas sak kuwa 90 ce. Sai in tambaye su: idan garinku ba ya cikin jerin, me littafin ya ce ku yi?

Daga nan kowa ya sake rubuta umarnin da Hausarsa, mu fita fili, abokinsa ya bi rubutun. Inda abokin ya tsaya yana tambaya, nan marubucin zai koma ya gyara.