Yadda Ake Sassaƙa Molo a Ƙasar Bena

Masassaƙan Bena, ta ƙasar Wasagu a masarautar Zuru, sukan baje turame da taɓare da ƙotoci a kasuwa, inda Dakarkari da Hausawa da Fulani ke cuɗanya, amma da wuya ka tarar da molo a cikin hajarsu, domin shi sautu ake bayarwa, makaɗi ya tako da ƙafarsa har gida ya bayyana irin muryar da yake muradi. Kuma ba kowane mai gizago ke karɓar wannan sautu ba, kasancewar malamai tun zamanin jihadi ba su yi na'am da kayan kiɗa masu tsirkiya ba, har wasu sukan yi aikin a bayan gida don kunyar idon jama'a.

Ƙirya ta turmi ce, nauyinta kan danne sauti, saboda haka alilliba ko ɗinya ake nema, a yanko gungume mai tsawon kamu ɗaya, a jingine shi a inuwa har ya sha hunturu, sannan a sassaƙe bayansa ya fito da siffar ɗan kwalekwale. Wannan duk almajirin sana'a ma yana iyawa.

Inda gwaninta take, kuma inda galibi ake hasara, shi ne rarake ciki. Maigida yakan zauna a ƙasa, ya danne itacen da tafin ƙafa, ya riƙa ɗiba da ƙaramin gizago, sara kaɗan kaɗan, yana bin jijiyar itace ba ya gitta ta, kuma bayan kowane ɗan lokaci sai ya dakata, ya sa babban yatsa ciki da manuniya waje ya auna kauri, sa'an nan ya ɗaga shi kusa da kunne ya ƙwanƙwasa da farce. Idan gefe ya yi kauri, molon zai fito da murya a shaƙe, komai ƙwarewar mai kaɗa shi. Idan kuwa aka zarce mizani, ranar da fatar da aka rufe shi da ita ta bushe ta ja, sai bakin ya tsage, wahalar watanni ta tafi a banza. Ba ma'auni, ba rubutacciyar ƙa'ida, sai kunne da natsuwa, kuma lalle ban taɓa ganin hikimar hannu da ta fi wannan cika mini ido ba. 

Daga nan sai a jiƙa ɗanyar fatar akuya, a kankare gashin, a rufe bakin da ita tun tana da laushi, a kafe ta. Ana tsaga ta wuri biyu ko uku a zura sandar wuya, tana shiga tana fita, har kanta ya leƙo ta wata kafa da aka huda kusa da gindi, inda ake ɗaure tsirkiya uku. A inuwa ake shanyawa, domin rana takan sa fata ta ja da gaggawa ta karkatar da sanda.

A da izgar doki ake murzawa a yi tsirkiya, yanzu kuwa igiyar fatsa ta maye gurbinta, ta fi ƙarko, ko da yake a kunnena amon izga ya fi taushi. Kowace tsirkiya da zoben fata ake kama ta a wuya, makaɗi ya tura shi sama ko ƙasa har murya ta daidaita da maƙogwaronsa, kuma idan damina ta sa fatar ta saki, sai ya kanga ta ga garwashi kafin ya fara.