Ciwon Gaɓoɓi Da Dabarun Rage Zafinsa

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa lura da dattijo in za shi tashi daga tabarma? Sai ya dafa ƙasa da hannu guda, ya dafa gwiwa da guda, ya yi nishi, sa'an nan ya miƙe a hankali. In ka tambaye shi, sai ya ce maka sanyi ne ya shige shi. Waɗansu su kan kira abin sanyin ƙashi, waɗansu amosanin gaɓɓai. Ko da wane suna aka kira shi, ya sha raba manomi da gonarsa, ya raba maɗinki da allura, tun sauran ƙarfinsu bai ƙare ba. Ba kuwa a ƙasarmu kaɗai ya ke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 528 ke fama da irin wanda ya fi yawa, kuma gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa.

Bari mu fara duba gaɓar kanta. Ran da ka je wurin mahauci, ka dubi kan ƙashin ƙafar sa inda ya haɗu da ɗan'uwansa. Za ka ga wani abu fari fat, mai santsi, ya lulluɓe kan ƙashin. Shi ne guringuntsi. Za ka ga kuma ɗan ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai. To, haka gwiwarka ta ke. Guringuntsin nan da ruwan nan su ke sa ƙashi ya zame bisa ƙashi ba ka ji ba. In shekaru suka tura, ko mutum ya taɓa gurɗewa ko karaya a wurin, ko jiki ya yi nauyi ƙwarai, sai guringuntsin ya riƙa sirancewa yana kaushi. Daga nan ciwo ya fara, gwiwa ta riƙa ƙara in an tanƙwara ta, ta sage da safe, amma kafin rabin sa'a ta kan saki. Sanyin hunturu ba shi ke kawo wannan ba, ko da ya ke mutane da yawa sun fi jin zafinsa a lokacin.

Gaskiyar magana, guringuntsin da ya cinye babu saiwa ko sassaƙe da ke mayar da shi. Wanda ya ce maka yana da irin wannan magani, kuɗinka ya ke so. Amma zafin a kan rage shi ƙwarai, har mutum ya ci gaba da sana'arsa shekara da shekaru, kuma mafi yawan dabarun ba su cin ko kwabo.

Babbar dabara ita ce wadda mai ciwo ya fi ƙi, watau motsa gaɓar. Mutum ya kan ce, tun da tafiya ke sa mini ciwo, bari in zauna. Sai ya zauna wata guda, wata biyu. Naman cinyarsa ya saki ya rame. To, naman cinyar nan kuwa shi ke riƙe gwiwa, kamar yadda gwafa ke riƙe rumfa. Da ya raunana, nauyi duk sai ya koma kan gaɓar, ciwo ya ƙaru, mutum ya ƙara zama. Har wa yau guringuntsi ba shi da jijiyar jini. Abincinsa daga ruwan gaɓa ya ke samu, ba ya kuwa shiga cikinsa sosai sai gaɓa tana motsi.

Ga yadda za ka yi. Zauna bisa kujera ko benci, bayanka a miƙe. Ɗaga ƙafa guda har ta miƙe sak, ka ɗaure naman cinya, ka ƙidaya ɗaya zuwa goma, sa'an nan ka sauke ta sannu sannu, kada ka sake ta ta faɗi. Yi haka sau goma, ka koma ɗaya ƙafar. Safe da yamma. In ka saba, ka kwanta rigingine bisa tabarma, ka tanƙwara ƙafa guda, ɗayar kuwa ka ɗaga ta a miƙe kamar taƙi guda daga ƙasa, ka riƙe, ka sauke. Kullum kuma ka yi 'yar tafiya a wuri mai baje, ka fara da minti goma kana ƙarawa. Hawan keke ma yana da kyau, don sirdi ke ɗauke nauyinka. Za ka ji ɗan ciwo da farko, wannan ba kome. Amma in ciwon ya ƙaru, ya wuce sa'a biyu bayan ka gama bai kwanta ba, ka yi yawa ke nan, gobe ka rage, kada dai ka bari. Kada kuma ka sa ran ganin amfani cikin kwana uku. Ya kan ɗauki mako shida ko fiye, nan ne kuwa yawancin mutane ke karaya.

Sai maganar nauyi, wadda masu tumbi ba su son ji. Masana a Amurka sun auna, suka buga a shekarar 2005, cewa kowane kilo guda da mutum ya rage, ya sauke wa gwiwarsa kamar kilo huɗu a kowane taku. Lissafa da kanka. In ka rage kilo 5, ka sauke mata kilo 20, watau nauyin ruwan jarka mai cin lita 20. Ka rage malmalar tuwo, da soye-soye, da sukari a shayi, da lemon kwalba, ka yawaita wake da ganye, kamar zogale da rama da alayyafo, da kifi in ya samu.

Gashi kuwa kakanninmu sun san shi, sun kuma yi daidai. Tsoma tsumma a ruwan ɗumi, ka matse, ka ɗora bisa gaɓar kamar minti 15 ko 20, musamman da safe kafin ka fita. Taɓa ruwan da gwiwar hannu tukuna, don tsoho da mai ciwon sukari su kan ƙone ba su ji ba. In gaɓar ta kumbura bayan aiki, sanyi ya fi, watau ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, ko ruwan randa. Shafa man kaɗe da murzawa a hankali su kan sassauta nama su kawo sauƙi. Man dai ba ya ratsa fata ya kai ga ƙashi, hannun mai murzawa ke yin yawancin aikin. Akwai kuma man shafawa da a ke yi da abin da ke sa barkono yaji, a kan same shi a kantin magani. Yana rage zafi in an lizimce shi makonni, amma kada ka daka barkono ka shafa da kanka, kada kuma hannun ya kusanci ido. Citta da kurkum an gwada su, an ga ɗan amfani ga waɗansu, kaɗan ne dai. Ka sa su a shayi ko miya, ba laifi. Munduwar jan ƙarfe kuwa, an gwada ta a Jami'ar York ta Ingila, aka buga sakamakon a shekarar 2013, ba a ga ta rage kome ba.

Kada ka ji kunyar sanda. Sai dai mutane da yawa ba su iya riƙonta ba. In gwiwar dama ke ciwo, a hannun hagu a ke riƙe ta, sanda da ƙafa mai ciwo su tafi gaba tare. Kayan da ka saba ɗauka sau ɗaya, raba shi biyu. Ƙotar fartanya ka naɗe ta da tsumma ta yi kauri, yatsu sun fi jin daɗin riƙo. Dogon tsugunno shi ne babban abokin gaban gwiwa, saboda haka ka nemi kujera, har a bayan gida a yi maka wurin zama mai tudu. Wanda durƙuso ya gagare shi wajen salla, malamai sun san an yi masa rangwame ya yi a zaune.

Abu biyu ina jan kunnenka a kai. Tsaga da lalas ba su fid da kome daga cikin gaɓa, sai dai su bar gyambo, aska marar tsabta kuma ta kan ɗauko ciwon hanta daga wani ta kai wa wani. Sa'an nan ƙullin ƙwayoyi da garin magani marar suna da a ke talla a kasuwa da tasha. An sha samun an cusa musu wani maganin asibiti mai ƙarfi a ɓoye. Mutum ya sha ya ji garau, bayan 'yan watanni fuska ta kumbura, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni. Ko ƙwayoyin kashe zafi na kanti, in an daɗe a kansu ba da sanin likita ba, su kan ci ciki su ɓata ƙoda.

Duk abin da na faɗa maka na ciwon cinyewar gaɓa ne. Akwai waɗansu masu kama da shi waɗanda gashi da motsi ba su isa ba. Akwai wanda ke far wa babban yatsan ƙafa cikin dare, ya kumbura ya yi ja, ko mayafi ba ya son ya taɓa shi. Wani gishiri ne ke yawa a jini ya taru a gaɓa kamar tsinin allura. Wani likitan Landan, Alfred Garrod, shi ya gano yawansa a jinin masu ciwon a shekarar 1848. Giya da burkutu da kayan ciki, irin su hanta da ƙoda, suna tayar da shi, yana kuwa da magani a asibiti. Akwai wanda ke kama ƙananan gaɓoɓin yatsu, hannu biyu a tare, sagewar safe ta wuce sa'a guda. Ya fi kama mata, don haka ka lura da iyalinka. Wannan in an yi jinkiri ya kan karkatar da yatsu har abada, in kuwa an fara magani da wuri a kan tsayar da ɓarnar.

In gaɓa guda ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, mai yiwuwa mugunya ce a ciki, ta kan kuwa lalata gaɓa cikin 'yan kwanaki. Haka kuma yaron da gaɓoɓinsa ke ciwo suna ƙaura daga wannan zuwa waccan bayan ya yi ciwon maƙogwaro, don abin ya kan taɓa zuciya, ko yaron da a ke zaton yana da amosanin jini. Waɗannan kada a tsaya gashi, kada a jira ranar kasuwa. A nemi abin hawa a kai su asibiti a ranar.