Kafin Ɗanka Ya Cike Fom Ɗin Likitanci

Mazaunin Idi-Araba ya saba ganin ɗalibai da fararen riguna suna shige da fice a asibitin LUTH, inda Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas take tun 1962. Wasunmu 'yan Arewa mazauna Legas sun sayar musu da tsire, suna fatan wata rana nasu ɗan ya sa rigar. Fata nagari lamiri ne, amma sai an san hanya.

Ana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Jami'o'i da dama ba sa karɓar haɗin sakamako biyu daga mai neman likitanci. Sai jarrabawar JAMB mai maki 400, sannan tantancewar jami'a.

Inda mu 'yan Agege da Iddo muke tuntuɓe shi ne gurbin jihar asali. Jami'o'in tarayya na ba da kashi 45 cikin ɗari na gurabensu bisa cancanta, 35 ga jihohin yankinsu, 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, irin su Kano, Katsina, Jigawa da Sakkwato. Yaron da aka haifa a Agege, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, yana da rabo a nan, in dai yana riƙe da takardar shaidar ƙaramar hukumarsu ta asali. A je gida a karɓo ta tun yana aji biyar, kada a bari sai ranar tafiya a nemi guzuri. Da ita, jami'o'in ABU Zariya, Bayero da Ɗanfodiyo sun fi kusa da shi fiye da kwalejin LASU ta Ikeja, wadda 'yan asalin Legas take fara dubawa.

Digirin likitanci shekara shida ne, da shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Hukumar kula da likitoci ta MDCN ta ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, shi ya sa mai maki da yawa ma kan rasa. A nan ake miƙa masa anatomi ko fisiyoloji, dangi su ce, "Karɓi, ka canja daga baya." A yi hattara. Karatu ne mai daraja, amma ba ya ba mutum izinin duba marar lafiya, kuma ƙalilan ne ke samun canjin. Ni da a ce ɗana ne, sai in nuna masa aikin jinya, harhaɗa magunguna ko gwaje-gwajen asibiti: shekara biyar ko fiye, kowanne da lasisinsa.