Ɗora Babbar Manhaja a kan Ma'adanai Masu Tsarin Ziri-Ziri: Darasi ga Masu Tattara Adabin Baka a Ƙasar Zuru

Tsakure

Muƙalar ta yi bayanin tsarin RAID 0, wanda aka kira a nan tsarin ziri-ziri, da matakan ɗora babbar manhajar kwamfuta a kansa. Ta auna amfaninsa da haɗarinsa ga manazarcin da ke naɗar murya da hoto a yankuna irin su Sakaba, ta kuma nuna cewa tsarin ya dace da wurin aiki na wucin gadi, bai dace da wurin ajiya ba.

1.0 Gabatarwa

Sakaba ɗaya ce daga ƙananan hukumomi huɗu na Masarautar Zuru a Jihar Kebbi, tare da Zuru da Fakai da Danko-Wasagu, hedikwatarta kuma tana Dirin Daji. Masarautar matattara ce ta harsuna, inda Hausa ke cuɗanya da harsunan Dakarkari da Dukawa da Kambari da Fulani. Saboda haka mai nazarin aron kalmomi, ko bikin Uhola, ko al'adar golmo, yakan dawo daga fage da sa'o'i masu yawa na murya da bidiyo. Idan aka naɗi murya a ƙimar da masu adana sauti suka fi so, wato kilohaz 96 da bit 24 a tashoshi biyu, sa'a guda takan ci kusan gigabait 2. Bidiyo ya fi haka nesa ba kusa ba.

Nauyin waɗannan fayiloli kan sa kwamfuta ta riƙa jan ƙafa, sai masu gyara su ba da shawarar a haɗa ma'adanai biyu su zama ɗaya. Kafin manazarci ya amince, ya kamata ya san abin da zai samu da abin da zai sa a caca, musamman a yankin da matsalar tsaro ta tarwatsa ƙauyuka, ta yadda dattijon da aka yi hira da shi bara ba lallai a sake samunsa bana ba.

2.0 Asalin Tsarin da Yadda Yake Aiki

Sunan RAID ya fito ne daga wata muƙala da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka suka gabatar a 1988. Manufarsu ita ce a haɗa ƙananan ma'adanai masu araha su yi aikin babba mai tsada, tare da tanadin kariya idan ɗaya ta lalace. Sun zayyana matakai biyar, daga 1 zuwa 5. Lambar sifiri daga baya aka liƙa wa tsarin ziri-ziri, kuma ta dace da shi, domin ba shi da tanadin kariya ko kaɗan.

A wannan tsari ana yanka kowane fayil gunduwa-gunduwa, misali kilobait 128 kowace. Gunduwa ta farko ta tafi ma'adana ta ɗaya, ta biyu ta tafi ma'adana ta biyu, ta uku ta koma ta ɗaya, haka har ƙarshe. Da yake ma'adanan biyu suna rubutu da karatu a lokaci guda, saurin ɗaukar manyan fayiloli yakan kusa ninkawa. Girman wurin ajiya kuwa shi ne girman ƙaramar cikinsu sau adadinsu: terabait 1 da terabait 2 za su ba da terabait 2 kacal.

Wanda ya saba da rubutattun littattafan ajami zai gane lamarin da sauri. A ɗauka an raba warƙoƙin littafi gafaka biyu, na ɗaya da na uku da na biyar a wannan, na biyu da na huɗu da na shida a waccan. Almajirai biyu za su kwafe shi cikin rabin lokaci. Amma ranar da gara ta cinye gafaka ɗaya, abin da ya rage ba littafi ba ne. Na kwamfuta ma ya fi muni, domin gunduwar da ta tsira ba ta karantuwa ita kaɗai.

3.0 Hanyoyin Haɗa Ma'adanai

Hanyoyi uku ne. Ta farko ita ce kati na musamman da ake sakawa a kwamfuta, wanda shi ke kula da rabon. Irinsa aka fi samu a manyan kwamfutocin cibiyoyi. Ta biyu ita ce ta allon uwa, inda ake kunna tsarin daga shafin UEFI, kamar fasahar Rapid Storage ta kamfanin Intel. Ta uku ita ce ta manhaja zalla, kamar mdadm a Linux.

Matsalar da duk mai ɗora babbar manhaja zai ci karo da ita guda ce: kwamfuta ba ta iya karanta ma'adanan da aka haɗa sai da manhajar da ta san tsarin rabon, ita kuwa manhajar tana cikin ma'adanan. Mabuɗin ɗaki ne aka kulle a cikin ɗaki. Duk matakan da ke tafe dabaru ne na fito da mabuɗin waje.

4.0 Matakan Ɗorawa

4.1 Shiri

Haɗa ma'adanai yakan shafe duk abin da ke cikinsu, don haka matakin farko shi ne kwashe bayanai zuwa wani wuri da tabbatar da cewa kwafin yana buɗewa. An fi son ma'adanai masu girma ɗaya da sauri ɗaya, domin marar sauri ita ke ja wa ɗayar linzami. Ana kuma buƙatar filasha mai ɗauke da manhajar da za a ɗora, da wuta tsayayya, ko ta batirin ko-ta-kwana ko ta sola.

4.2 Windows

Windows ba ta tashi daga tsarin ziri-zirin da ita kanta ta haɗa, sai wanda kati ko allon uwa ya haɗa. Saboda haka ana shiga UEFI, a sauya yanayin ma'adanai daga AHCI zuwa RAID, a zaɓi ma'adanan da girman gunduwa, a ƙirƙiri haɗin. Idan aka fara ɗorawa, sau da yawa shafin zaɓen ma'adana yakan fito fayau, babu komai. Wannan ba lalacewa ba ce. Direban tsarin ne babu. Ana sauko da shi tun da farko daga shafin kamfanin da ya ƙera allon, a ajiye a filasha, a loda shi a wannan mataki. Daga nan ma'adanan za su bayyana a matsayin guda ɗaya. A kula: sauya wancan yanayi a kwamfutar da aka riga aka ɗora wa Windows ba tare da shiri ba yakan hana ta tashi.

4.3 Linux

A nan ana yanka kowace ma'adana kashi biyu. Ƙaramin kashi, kamar megabait 512 a tsarin FAT32, shi ne na tayar da kwamfuta, kuma dole ya kasance a wajen haɗin, domin UEFI bai san yaren mdadm ba. Manyan kason biyu su ake haɗawa da wannan umarni:

mdadm --create /dev/md0 --level=0 --raid-devices=2 /dev/sda2 /dev/sdb2

Sai a tsara /dev/md0, a ɗora manhaja a kansa. Mataki na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne rubuta bayanin haɗin a fayil ɗin mdadm.conf da sabunta initramfs, wato ƙaramar manhajar da ke harhaɗa ma'adanan kafin babbar ta tashi. Manhajojin ɗora Debian da Ubuntu Server suna yin waɗannan ayyuka da kansu idan aka zaɓi haɗin daga cikinsu.

5.0 Lissafin Haɗari

A ƙaddara, don misali kawai, cewa yiwuwar lalacewar ma'adana ɗaya a shekara kashi 3 ne cikin 100. Idan biyu ne a tsarin ziri-ziri, lalacewar kowace daga cikinsu asarar duka ce, sai yiwuwar ta koma kusan kashi 5.9. Idan huɗu ne, ta haura kashi 11. Zafin bazara da ƙurar hunturu da hawa da saukar wutar janareto duk suna ƙara wa lissafin nauyi. Haɗin da allon uwa ya yi yana da wata matsalar kuma: idan allon ya ƙone, ba kowace kwamfuta ce za ta gane ma'adanan ba, ko da lafiyarsu lau.

Ribar saurin ma ta ragu a yau. Ma'adanar SSD mai amfani da SATA takan tsaya a wajen megabait 550 a daƙiƙa, biyu a haɗe su ba da kusan 1,100. Ma'adanar NVMe guda ɗaya ta zangon PCIe na uku takan kai kusan 3,500, ba tare da wani haɗi ba. Bugu da ƙari, tashin babbar manhaja ya dogara ne ga karanta dubban ƙananan fayiloli, aikin da tsarin ziri-ziri bai cika ƙara masa sauri ba.

6.0 Shawarwari

Ga manazarci mai kwamfuta ɗaya, abin da ya fi shi ne babbar manhaja ta zauna a ma'adana guda mai sauri. Idan tace bidiyo ya buƙaci tsarin ziri-ziri, a keɓe shi ga kwafin aiki kawai. Cibiyar da ke son kwamfutarta ta ci gaba da aiki ko da ma'adana ta mutu, RAID 1 ya fi dacewa da ita, domin kowace ma'adana madubin ɗayar ce. Mai hali kuma ya yi RAID 10, wanda ke buƙatar aƙalla ma'adanai huɗu. Sai dai ko madubi ba ya maido da fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, domin gogewar takan faru a duka biyun. Ƙa'idar masu adana kayan tarihi ita ce kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wani gari. Abin da aka naɗa a Dirin Daji ya kamata a sami kwafinsa a Birnin Kebbi ko Sakkwato kafin a fara juya shi zuwa rubutu.

7.0 Kammalawa

An ga cewa ɗora babbar manhaja a tsarin ziri-ziri abu ne mai yiwuwa, matuƙar an tanadi direba ga Windows, an kuma ware kason tayarwa ga Linux. Babbar manhaja idan ta rushe, yini ɗaya ya isa a sake ɗora ta. Muryar mawaƙin noma ko ta mai ba da tarihin kafuwar gari kuwa ba ta da madadi. Ya dace sassan nazarin Hausa su sa tsarin adana bayanai cikin darasin dabarun bincike, su kuma nemi kowane ɗalibi ya bayyana inda kwafinsa na biyu da na uku suke kafin a amince masa ya fita fage.