Hukuncin Bayyana Asali a Takardar Neman Karatun Likita

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, kowace shekara idan sakamakon bak ya fito, ƴaƴanmu sukan shiga haɗa dosiye domin neman karatun likita, wasu a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wasu a Maraɗi ko Damagaram, wasu kuwa suna neman burus zuwa Maroko, Aljeriya ko Turkiyya. Masu bayar da burus sukan nemi ɗalibi ya rubuta wasiƙa, ya bayyana ko shi wane ne, inda ya taso, da abin da ya ja shi ga wannan aiki. Iyaye suna tambayarmu: me ya halatta a faɗa, me ya halatta a rufe?

Mas'ala ta farko ita ce ambaton alherin kai. Allah Ya hana tsarkake kai a Suratun Najmi, aya ta 32. Amma a Suratu Yusufa, aya ta 55, Annabi Yusufu (AS) ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma siffanta kansa da tsaro da sani. Daga nan malamai suka fitar da cewa ya halatta mutum ya ambaci abin da yake da shi idan ba a san shi ba, kuma bukata ta kama. Saboda haka ɗalibin da ya yi jinyar mahaifiyarsa, ko ya taimaka a aikin rigakafi a ƙauyensu, babu laifi ya rubuta.

Ta biyu ita ce ƙari. Wani yakan rubuta cewa shi maraya ne alhali mahaifinsa yana raye, wani ya ƙirƙiro talaucin da bai ɗanɗana ba, wani a rage masa shekaru a takardar haihuwa. Wannan ƙarya ce, wanda ya shaide ta kuma ya yi shaidar zur, wadda Buhari da Muslim suka ruwaito tana cikin manyan zunubai. Gurbi ƙidayayye ne: wanda ya shiga da ƙarya ya ci haƙƙin marayan gaskiya.

Ta uku, wadda ta fi damunmu, ita ce ɓoye asali don jin kunya. Yaro yakan ƙi ambaton makarantar allo ko madarasa, yana tsoron a ɗauke shi baƙauye. Wani yakan rubuta cewa ubansa ɗan kasuwa ne, don kada a san wanzami ne ko mahauci. To, wane ne ya riga ɗan wanzami ganin jini da rauni? Wace ce ta riga ɗiyar ungozoma sanin wahalar naƙuda a garin da babu asibiti? Wanda ya haddace Alƙur'ani ya riga ya gwada juriyar da shekarun karatun likita suke bukata. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya haddace shi yana ɗan shekara 10, kuma littafinsa Al-Ƙanun ya yi ƙarnuka ana karantar da shi a jami'o'in Turai. Haka nan wanda ya iya Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ya rubuta, domin mai ciwo da harshensa yake kuka.

Ta huɗu ita ce abin da ya halatta a yi shiru a kansa. Zunubin da aka tuba daga gare shi, da rabuwar iyaye, da asirin gida, ba wajibi ba ne a tona su, domin shari'a tana son sutura. Sai dai idan aka yi tambaya ƙarara, kamar a takardar shaidar lafiya, dole a amsa da gaskiya.

Ma'aunin ke nan: a rubuta abin da yake gaskiya, wanda kuma yake da dangantaka da aikin. Hannun da zai sa hannu gobe a takardar magani da ta rasuwa, kada a koya masa ƙarya tun daga takardar farko. Iyaye su karanta abin da ƴaƴansu suka rubuta, ko su sa a karanta musu, kafin a aika.

Allah Ya ba ƴaƴanmu ilmi mai amfani, Ya sa su zama sanadin waraka ga al'umma. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.