Dokin da Ba Ya Gajiya

'Ya'yana samarin Katsina, musamman ku da kuke cika shagunan gem da yamma, daga Ƙofar Marusa zuwa Sabuwar Unguwa, daga Rafindaɗi zuwa Ƙofar Ƙaura, ku ba ni aron hankalinku. Ba zan ce ku daina ba. Na san da yawa cikin sa'o'ina abin da za su fara faɗa ke nan, wasu har su ƙara da cewa gidan gem matattarar marasa tarbiyya ce. Ni ba haka idona ya gani ba. Abin da na saba gani shi ne yara a kan benci, biyu riƙe da hannun gem, goma a bayansu suna sowa, wanda aka zura wa uku yana rantsuwa cewa maɓallinsa ne ya maƙale. A garin da iyaye ke kwana da fargabar ƙwaya da ƙauraye, yaron da ya ƙare yammacinsa a nan bai yi mugun zaɓi ba.

Kuma abin ba a kanku aka fara shi ba. Kamfanin Sony ya fito da PlayStation ta farko a Japan a ƙarshen 1994, ta biyu kuma a 2000. Wannan ta biyun, wadda aka sayar da sama da miliyan 150 a duniya, ita ce ta shiga lungunanmu, yawanci ta hannu, ta zauna shekara da shekaru. Ku tambayi yayyenku da suka yi aure yanzu, za su ba ku labarin Winning Eleven na kamfanin Konami, da yadda kowa ke rububin ɗaukar Najeriya saboda Tijjani Babangida, ɗan Kaduna da ya buga wa Ajax, yana cikin waɗanda suka ciyo zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996. A cikin gem ɗin, in ya ja ƙwallo ta gefe sai dai a bi shi da kallo. Bayansa aka yi yayin Adriano, mai ƙafar hagun da ke tsorata gola, a PES 6, shi ma na Konami. FIFA ta kamfanin EA kuwa tun 1993 take, har aka sauya mata suna zuwa EA Sports FC a 2023, ko da yake har yau ban ji yaron da ya kira ta da sabon sunan ba. PES ita ma ta koma eFootball tun 2021.

Na ga amfanin abin a kan yaran gidanmu. Yaro ɗan aji uku a sakandare ya zauna yana yi maka bayanin dalilin da ya sa baya uku ba za su tare masu gudu ta gefe ba, ya san babban birnin ƙasar da malaminsa bai taɓa ambata ba, ya tsinci Turanci daga allon talabijin ba tare da bulala ba. Mafi girma a wurina, yana koyon a ci shi a gaban jama'a, ya haɗiye, ya miƙa hannun gem ga na gaba. Akwai manya masu furfura da har yau ba su iya wannan ba.

To, ga inda maganata take. Katsina gari ne na wasa tun asali, kuma wasan manya. Tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka san garin nan da ƙwallon doki, wato folo. Ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a folo har ƙasashen waje, Janar Hassan Usman Katsina ya gaje shi a kan sirdi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin folo ya san ba a barin wasan ya zarce. Zango ɗaya minti bakwai ne, sai a kaɗa ƙararrawa, mahayi ya sauka ya sake doki, domin dabbar da ke ƙarƙashinsa jini da tsoka ce, in aka matsa mata sai ta faɗi. Haka sauran wasanninmu suke, kowanne da abin da ke tsayar da shi. Langa ƙafa ce ke gajiya. Dara duhun magariba ne ke tashin ta. Wasan dandali kuwa in wata ya faɗi kowa gida yake nufa. Ba wanda ya zauna ya tsara wa waɗannan wasanni iyaka, jiki da rana da wata ne suka sa musu.

Gem doki ne da ba ya gajiya. Messi na cikin akwatin nan zai buga wasa hamsin a jere bai yi haki ba. A da ɗauke wuta na taimakon iyaye, ana tsakiyar wasa sai ɗif, kowa ya watse. Yanzu ga janareta, ga sola, ga kuma gem ɗin ya biyo ku cikin waya har kan katifa. Waɗanda suka ƙera shi ma ba su yi shi don ya ƙare ba. Wasa ɗaya gajere ne, bai fi 'yan mintoci ba, shi ya sa "bari mu ƙara ɗaya" ke da sauƙin fita daga baki. Wanda ya ci yana son ya tabbatar, wanda aka ci yana son ya rama, ba wanda ke da dalilin tashi. Tunda abin ba shi da ƙararrawa, ku ne za ku zo masa da ita. Kafin ku zauna ku yanke adadin wasan da za ku buga, ku faɗa wa abokin karawarku da baki, don ya zama shaida a kanku. Kiran sallah kuwa, a ganina, ya isa ya tsayar da kowane wasa, ko da ana bugun fenariti ne. Akwai maɓallin dakatarwa a ƙarƙashin babban yatsanku, ɗan wasan da ke fili na gaskiya ma bai samu wannan gatan ba.

Kada ku ɗauka tsoron tsofaffi ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin kundin cututtukanta a 2019, kundin ya fara aiki a 2022. Ba ta ce duk mai buga gem majinyaci ba ne, kaɗan ne ke kaiwa can. Alamun da ta bayar uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita gem a kan sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da ake yi masa, har abin ya kai kamar shekara. Kowa ya auna kansa a ɓoye. In ka ga kana yi wa mahaifiyarka ƙarya a kan inda ka yini, ko canjin cefane ya fara maƙalewa a aljihunka, to abin ya fara wuce wasa.

Maganar kuɗi ita ta fi damuna. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin tayar da janareta ya hau, kuɗin wasa ma ya bi shi, wannan ba laifin mai shago ba ne. Abin da nake ja muku kunne a kai shi ne al'adar nan ta wanda aka ci shi zai biya. Kuna ganin ta ƙarama, ba ta kai a kira ta da wani suna ba. Amma malamai da dama suna lissafa ta cikin caca, domin kowanne cikin ku biyu ya zauna ne bai san ko zai yi asara ko zai tsira ba, sakamakon wasa ne zai raba. Ku je ku tambayi malaminku na Islamiyya, kada ku tsaya a kan maganata. Mafita kuwa ba ta da wuya: ku raba kuɗin biyu tun kafin a fara, ko mai hali ya biya wa abokinsa kyauta. Na fi tsoron inda al'adar ke kaiwa. Daga biyan kuɗin wasa sai a ɗora ɗari biyar a kan benci, 'yan kallo su ma su shiga, daga nan shagon caca na ƙwallo bai da nisa, ga shi ma a cikin waya. Kuma da zarar kuɗi ya shiga, sowar nan da na yaba a farko takan mutu. Abokai biyu da suka tashi layi ɗaya sai ka ji sun daina gaisawa.

Akwai wata cacar kuma da kamfanonin suka dasa a cikin gem ɗin kansa. Tun 2009 FIFA ke da sashen da ake kira Ultimate Team, inda za ka sayi ƙunshin 'yan wasa a rufe, ba ka san wanda ke ciki ba sai ka biya ka buɗe. Ƙasar Beljiyam ta duba irin wannan ciniki a 2018 ta ce caca ne, har EA ya daina sayar da kuɗin gem ɗin a can a farkon 2019. Ƙasar da ba ta haramta caca don addini ba ta gane shi, bai kamata ya shige mana duhu ba.

Sai tseren motoci, su Need for Speed da Gran Turismo. Ba na musun cewa ana koyon wani abu a ciki. Gran Turismo, wanda ya fito a 1997, an yi shi da kula ƙwarai, yana nuna maka inda ake taka birki kafin kwana da yadda taya ke sakin titi. Wani saurayi ɗan Birtaniya, Jann Mardenborough, ya ci gasar wannan gem a 2011, kamfanin Nissan ya ɗauke shi ya zama direban tsere na gaske. Sai dai ku lura, ba daga kan kujera aka miƙa masa mota ba. An yi masa horo na watanni, an sa masa hular kwano da rigar da wuta ba ta ci, a filin da aka killace, ga motar asibiti a gefe. Ku kuwa abin da ke jiranku a waje babur ɗin yayanku ne da titin IBB, inda ɗan makaranta ke tsallakawa, mai Keke Napep ke tsayawa ba sigina, akuya ke fitowa daga lungu. Abin da gem ke cire wa mutum a hankali shi ne tsoro, domin ka yi karo sau ɗari ba ka ji zafi ba, motar ta dawo sabuwa. Gudun gangancin da ake yi a rakiyar ango, da ɗaga ƙafar babur a gaban 'yan mata, ba gem ne ya kawo su ba, sun girme shi. Amma yaron da hannunsa ya saba da gudu marar sakamako ya fi saurin shiga sahu. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ɗakin masu karaya ya san shekarun yawancin waɗanda ke kwance a wurin.

Akwai kuma wasannin da ba a cin kowa a cikinsu, na kwaikwayon zaman duniya. Ba a cika ganinsu a shago ba, sai a gida. The Sims, wanda Will Wright ya fitar a 2000, gida za ka gina, ka zuba kaya, ka nema wa mutanenka aiki, ka kula da cinsu da barcinsu. Shi Will Wright gobara ta cinye gidansa a Oakland ta Amurka a 1991, kuma sake tara kayan gida daga farko na cikin abin da ya sa masa tunanin. Ina ganin kyawun irin wannan ga yaro mai son zane da tsara gini. Abin da zan ce ku riƙe kawai shi ne zaman da ake nunawa a ciki na wasu mutane ne. Gida ne da ba kaka a ɗakin tsakiya, ba maƙwabcin da zai aiko a ɗebi wuta, ba gaisuwar mutuwa, kuma mu'amalar maza da mata a ciki ba irin tamu ba ce, don haka ba na ƙananan yara ba ne. Akwai ma kalmar da in ka rubuta, kuɗi za su faɗo asusunka nan take. Na fi jin daɗin tsarin Animal Crossing na kamfanin Nintendo, wanda sabonsa ya fito a Maris ɗin 2020, ana shiga kullen korona. Da agogon gaske yake tafiya. Kantin cikinsa yana rufewa ƙarfe goma na dare, itacen da ka girgiza sai ya yi kwanaki kafin ya sake 'ya'ya, bashin gina gida kuma ba ruwa a kansa. Masu shi sun nuna cewa ana iya yin gem da zai ce maka ya isa haka, je ka sai gobe. Sauran kamfanonin ba rashin iyawa ya hana su ba.

Ku da Allah ya hore wa gidanku na'urar, ku tuna ƙannenku mata ba sa zuwa shago, kuma ba za su je ba. Hannun gem biyu ne. Ku miƙa wa ƙanwarku ɗaya bayan an gama aikin gida, ku koya mata, kada ta ƙare a leƙe daga bakin ƙofa. Ku fito da talabijin ɗin falo inda kowa ke gani, ya fi a kulle ɗaki. Kuma ranar da Katsina United ke wasa a filin Muhammadu Dikko, ku je ku ga ƙwallon da ake yi da gumi, ku ma ku nemi fili ku buga taku ko sau ɗaya a mako, ƙafafunku na da hakki a kanku.

Maganata ta ƙarshe ga masu shagunan ce, don ku ma 'ya'yana ne, yawancinku ba ku wuce talatin ba. Sana'a kuke yi ta halal, kuna biyan haya, kuna sayen mai, wasunku har sun koyi gyaran na'urar da hannunsu, Allah ya sa albarka. Abu uku nake roƙo. Yaron da ya shigo da kayan makaranta a jikinsa ƙarfe goma na safe, ku mayar da shi, ko da kuɗinsa a hannu. In kun ga an ajiye kuɗi a kan benci, ku kashe talabijin ɗin har a ɗauke. In an kira magariba ku ja ƙofa na minti goma sha biyar, ku shige gaba zuwa masallaci, yaran za su bi ku. Iyayen unguwa suna lura da shagon da ke yin haka, kuma shi ne wanda ba za su kai ƙararsa wurin mai unguwa a rufe ba.