Yadda Ake Rubuta Takardar Neman Aiki

Duk lokacin da wata ma'aikata ko kamfani ya ba da sanarwar ɗaukar ma'aikata, takardun da ke isowa sukan fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Jami'in da aka ɗora wa alhakin tantancewa ba shi da sukunin ganin kowa ido da ido. Takarda ce kawai a gabansa, kuma da ita zai yanke shawarar wanda za a kira ganawa. Saboda haka wajibi ne mai nema, namiji ko mace, ya san abin da ake so a gani a cikinta.

Da farko dai, takardar neman aiki dabam take da takardar tarihin karatu da ayyuka wadda akan haɗa da ita. Ta tarihi jeri ce ta makarantu da shekaru da wuraren da aka yi aiki. Ita kuwa ta nema amsa ce ga tambaya guda: me ya sa wannan mutum ya dace da wannan aiki?

A nan ne da yawa suke tuntuɓe. Sai mutum ya cika shafi da yabon shugaban ma'aikata, ya bayyana cewa shi maraya ne, nauyin ƙanne yana kansa, daga ƙarshe ya roƙi a ba shi "kowane irin aiki". Ba shakka halin da yake ciki abin tausayi ne, amma jami'in bai sami abin da zai rubuta a gaban kwamiti ba. Wanda ya ce zai yi kowane aiki ya nuna bai karanta sanarwar ba.

A misali, a ce ana neman mai kula da sito. Wani ya rubuta: "Ni mutum ne mai gaskiya da ƙwazo, kuma zan yi biyayya." Wani kuma ya rubuta: "Na yi shekara 2 ina riƙe da littafin shigar kaya da fitarsu a wani kantin kayan gini, ina ƙidayar kaya ƙarshen kowane wata, kuma na iya ajiye lissafin a kwamfuta." Na farko ya yabi kansa ne, kuma kowa yana iya faɗin haka. Na biyu ya kawo abin da za a iya bincikawa. Wanda bai taɓa aikin albashi ba kada ya ɗauka ba shi da abin faɗa: koyarwar da ya yi lokacin hidimar ƙasa, ko riƙon kuɗin ƙungiyar gari, ko sana'ar da ya koya a gida, duk hujjoji ne, muddin sun shafi aikin da ake nema. Dabarar ita ce a ajiye sanarwar a gefe, a ja layi ƙarƙashin kowane sharaɗi, sa'an nan a amsa muhimman daga ciki ɗaya bayan ɗaya.

Game da tsari, abin ba shi da wuya. Adireshin mai nema da kwanan wata a sama, sai muƙami da adireshin wanda ake rubuta wa, daidai yadda sanarwa ta faɗa. Bayan gaisuwa sai kan magana mai ɗauke da sunan aikin. Jimlar farko ta faɗi aikin da inda aka ga sanarwarsa. A rufe da cewa a shirye ake a zo ganawa, a sa hannu, a rubuta cikakken suna da lambar waya. Shafi ɗaya ya wadatar. Wanda yake cikin aikin gwamnati tuni, takardarsa takan bi ta hannun shugaban sashensa.

Galibi da Turanci ake rubuta irin wannan takarda. Turanci mai sauƙi wanda mai shi ya fahimta ya fi manyan kalmomin aro. Wanda ya ba wani ya rubuta masa, ko ya kwafo daga intanet, ya tuna cewa ranar ganawa shi za a tambaya, ba marubucin ba.

Sai takardun da ake haɗawa. Tun 1973 da aka kafa Hukumar Yi wa Ƙasa Hidima, doka ta tanadi cewa wanda ya gama jami'a ya nuna shaidar kammala hidima, ko ta yafe masa ita, kafin a ɗauke shi aiki. A aikin Gwamnatin Tarayya akan nemi shaidar jihar asali da ƙaramar hukuma, domin Tsarin Mulki na 1999 ya wajabta raba muƙamai tsakanin sassan ƙasa, kuma akwai hukuma ta musamman mai lura da haka. Kwafi ake aikawa. Satifiket na ainihi ya zauna a hannun mai shi har ranar ganawa. A tabbata suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a kowace takarda, har da katin shaidar ɗan ƙasa. Rage shekaru ko gabatar da satifiket na jabu laifi ne da ke jawo kora ko da bayan shekaru, wani lokaci har da gurfana gaban kotu.

A yau yawancin ma'aikatu, har da Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Tarayya, ta intanet suke karɓar takardu. Wannan bai sauya ƙa'idar rubutu ba. Sai dai a rubuta sunan aikin a kan saƙon, a yi amfani da adireshin imel mai ɗauke da sunan mutum na gaskiya ba laƙabin wasa ba, kuma kada a jira ranar ƙarshe, lokacin da cunkoso kan hana shafin buɗewa. Ana kuma gargaɗin jama'a cewa ba a sayar da gurbin aikin gwamnati. Duk wanda ya nemi kuɗi da alkawarin shigar da takarda, a kai rahotonsa ga 'yan sanda ko ga hukumar ICPC.